Shekara biyu da muryar aro

Lokacin da na fara koyar da lissafi, bango ɗaya ne ya raba ajina da na wani malami da Allah ya hore wa baki. Yana shiga sai ka ji dariya ta ɓarke. Ya buga allo da tafin hannu, ya jefa tambaya tun bai ajiye jakarsa ba, yara na rige-rigen ɗaga hannu. Ni kuwa tun ina ƙarami maganata a hankali take fita, ga 'yar i'ina da kan riƙe ni idan na yi sauri. In na yi tambaya nakan tsaya in jira. A lokacin shirun ajina kunya yake ba ni, domin ta bayan bangon nan ina jin abin da na ɗauka shi ne koyarwa ta gaske.

Sai na shiga kwaikwayonsa. Na koyi buga allo, na koyi ɗaga murya, har barkwanci nake haddacewa da daddare don in zuba da safe. Shi bawan Allah bai taɓa cewa in yi koyi da shi ba, ni na ɗora wa kaina. Shekara biyu cur ina haka. Kullum in dawo gida murya a dishe, kai na sarawa, i'inar da nake ɓoyewa kuma sai ƙaruwa take yi.

Wata rana an tashi, ina kakkaɓe garin alli daga hannun rigata, wata yarinya ta tsaya da littafinta a ƙirji. Ta ce, "Malam, don Allah ka sake yi mini, amma irin yadda kake yi in an tashi. A cikin aji ba na gane ka." Na ja kujera na zauna. Na rubuta layi ɗaya na yi shiru, ta dube shi, ta ciji bayan biro, can ta rubuta na biyu da kanta. Ba mu yi minti goma ba ta gama. Ta tafi, ta bar ni da maganarta. Lissafi take nufi, na sani, amma ni kaina a lokacin ba na gane mutumin da ke tsayawa gaban allon nan.

A hutun da ya biyo baya na ci karo da fassarar littafin Zhuangzi, wani mai hikima na ƙasar Sin da ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba addini na je nema ba, ina da nawa kuma ya wadatar da ni, sai dai magana mai ma'ana ko daga ina ta fito ana ba ta kunne. A babi na 17 akwai wani gajeren labari. Wani saurayi daga Shouling ya tafi Handan, babban birnin daular Zhao, don ya koyi irin tafiyar mutanen can. Bai iya tasu ba, ya kuma manta tasa, sai da rarrafe ya koma gida. Na karanta, na rufe littafin, na daɗe ban buɗe ba. Handan na nan har yau a lardin Hebei, kuma Sinawa na buga misali da labarin idan suka ga mai kwaikwayon da ya rasa tudun dafawa.

Daga nan na nemi wani littafin mai irin wannan tunani, Daodejing, wanda ake danganta wa Laozi, shi ma wani mai hikima na ƙasar Sin. Ƙarami ne, babi 81, haruffan Sinanci kusan 5,000. A 1993 an tono wani sashe nasa rubuce a kan tsagin gora a wani kabari a Guodian, wanda masana ke cewa ya kai wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan tsufa ya sanyaya mini rai, na ga ashe ciwon da nake ɓoyewa kamar nawa ne ni kaɗai, mutane sun san shi tun fiye da shekara 2,000. Babi na 24 yana cewa mai ɗage ba ya daɗewa a tsaye, mai wawwara taku kuma ba ya nisa. Duk wanda ya taɓa yin ɗage don ya leƙa ta taga ya san yadda sha-raɓa ke fara rawa. Haka jikina yake ji kullum a ƙarshen darasi.

Sinawa suna da wata kalma, ziran, wadda ma'anarta ta yi kusa da "abin da yake haka da kansa", ba tare da an murɗa shi ba. Zhuangzi ya ba da misali da tsuntsaye: ƙafar agwagwa gajera ce, amma in ka ja ta don ta yi tsawo ka cuce ta, ta gauraka doguwa ce, in ka rage ta ka sa shi baƙin ciki.

A nan ne na kusa yin kuskure na biyu, kuma shi ne ya sa nake wannan rubutu. Da sauƙi mutum ya karanta irin wannan ya ce to shi ke nan, haka nake, kowa ya haƙura da ni. Na ga masu zafin rai da masu kasala suna fakewa da "haka Allah ya yi ni". Wannan ba shi ne abin da littattafan nan ke faɗa ba, kuma labarin mahauci Ding a babi na 3 ne ya nuna mini. Ding yana feɗe sa a gaban wani basarake, wuƙarsa na tafiya kamar ana kiɗa. Da aka tambaye shi, ya ce da farko san gaba ɗaya yake gani. Sai bayan shekara 3 ya daina ganinsa a dunƙule, ya fara ganin inda gaɓoɓi suka rabu. Mahaucin da bai ƙware ba kowane wata yake sauya wuƙa saboda sara yake yi, gwani kuma shekara-shekara. Tasa ta shekara 19, ta ratsa dubban shanu, tana nan kamar yanzu aka wasa ta, domin ta cikin sarari take bi, ba ta karo da ƙashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen bayaninsa: har yanzu in ya iso wuri mai sarƙaƙiya yakan nutsu, ya kafa ido, ya rage sauri.

Wato shi ma sai da ya yi shekaru yana kallo kafin hannunsa ya sami hanyarsa. Na gane cewa barin muryar aro rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne in koyi aiki da tawa, wadda na yi watsi da ita tun ba ta ƙosa ba.

Da aka koma makaranta na daina buga allo. Makonnin farko sun yi wuya, yara sun saba da hayaniya, wasu suka ɗauka fushi nake. Na koyi rubuta tambaya manya-manya a allo in koma gefe. Na koyi ƙirga goma a zuci kafin in kira kowa, sai ga hannuwan da ban taɓa gani ba suna tasowa daga bayan aji. Inda kalma ta maƙale mini, nakan tsaya in numfasa in sake ɗaukowa, kuma babu yaron da ya taɓa yi mini dariya. Akwai abin da na rasa, ban ɓoye ba: ajina ba shi ne wanda yara ke ba da labarinsa a gida ba, kuma akwai ɗaliban da har gobe sun fi fahimta a wurin maƙwabcina. Har yanzu in an zo duba aikinmu nakan ji muryata tana neman tashi da kanta, sai na danne ta.

Wata safiya muka haɗu da shi a baranda, kowa da allinsa a hannu. Ya ce, "Malam, kwana biyu ajinka ya yi tsit, ko ba ka jin daɗi ne?" Na ce lafiya lau, tunani suke yi. Ya ɗan tsaya yana kallona, sannan ya tambaye ni ko zan bar shi ya zauna a baya ranar Laraba ya ga yadda nake sa masu shirun nan magana, domin akwai yara huɗu a ajinsa da bai taɓa jin muryarsu ba. Na ce ya zo, akwai kujera kusa da taga.