Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kalangun da Aka Ce Kowa Ya Taɓa

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a inda maigidana ya karɓo mana aiki a wani ƙaramin gidan nune-nune da ke tsibirin Legas. Matar da ke kula da gidan ta ce ta gaji da ganin 'yan makaranta suna zagayawa hannu a baya suna hamma, tana son abin da yaro zai kama da hannunsa.

Kafin mu yanka ko katako ɗaya, sai Maigida ya ja ni zuwa gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda Bature Kenneth Murray ya kafa a 1957. Muka tsaya gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Ya ce, "Kai yaro, bar kallon motar, kalli hannun mutane." Duk wanda ya zo sai ka ga yatsansa yana neman ramin harsashi, sai kuma ya janye. Ya ce wannan ƙaiƙayin yatsa shi aka ɗauke mu haya mu sosa. A lokacin ba a buɗe Cibiyar John Randle ta tarihin Yarbawa da ke nan kusa ba, don haka ba mu da wani wuri a gari da za mu je mu kwaikwaya.

Kalangu muka zaɓa. Bahaushe ya san shi, Bayarabe ma yana da nasa, gangan, kuma aikinsu iri ɗaya ne: ka matse igiyoyin fatar a hammata, bakin gangar ya ɗaure, murya ta hau; ka saki, ta sauka. Da yake Hausa da Yarbanci duka harsuna ne masu hawa da saukar murya, sai gangar ta riƙa kwaikwayon magana. Wannan kuwa ko ka rubuta shi a allo sau goma, yaro ba zai gane ba sai ya ji da kunnensa.

Gangar daga Agege muka samo ta, wajen wani tsohon makaɗin mahauta da ke yi wa mutanen kwatar Oko-Oba kiɗa. Da na yi masa bayani, ya dube ni ya ce, "Ɗana, kalangu ba a ɗaure shi a tebur kamar akuyar Sallah." Na ce, "Baba, in ba a ɗaure shi ba, kafin azahar ya bi wani gida." Ya yi dariya har da tari, sannan ya sayar mana.

Wahalar tana wajen matsewa, domin hammatar yaro ba ta da ƙarfin da za ta sauya murya. Maigida ya kwantar da gangar a kan wasu katakai biyu masu lanƙwasa da muka lulluɓe da roba, ya haɗa su da wayar birkin keke zuwa wani feda a ƙasa. Ka taka, katakan su rungumi igiyoyin. Muka sa ƙarfen da ke tsayar da fedar a wani mataki, ta yadda ko ƙato ya hau da ƙafa biyu fatar ba za ta yage ba. Sandar kiɗan kuma muka ɗaure ta da siririyar sarƙa. Teburin bai wuce ƙugun babba ba, kuma mun bar ƙasansa a buɗe saboda mai keken guragu, aka yi masa nasa hannun ja a gefe.

Katako kuwa, duk mai aiki a Legas ya san halin damina. Allon nan na garin katako da ake matsewa yana shan laima ya kumbura, don haka falawud ɗin da ake yin kwale-kwale da shi muka sa, da kusoshin da ba sa tsatsa, saboda iskar gishiri. Ita ma fatar akuya saki take yi in ta sha laima. Baban Agege ne ya ba mu maganin: su a rana suke shanya ganga. Sai muka ɓoye ƙaramin ƙwan lantarki mai ɗumi a cikin akwatin, ƙarƙashin gangar.

Matar gidan ta so a ƙara allon taɓawa da kwamfuta. Maigida ya ƙi, kuma har gobe ina bayansa. Inda ake ɗauke wuta babu sallama, kwamfuta ba ta daɗewa, kuma in ta lalace sai an jira mai gyara daga Ikeja. Ƙaramar na'urar sauti muka sa mai batir, da maɓalli guda. Ka danna, ka ji Baba ya kaɗa "sannu da zuwa", sannan murya ta faɗa da baki, kai kuma ka gwada. Abin da zai iya lalacewa duk maigadi zai iya gyarawa da sifana.

Ranar gwaji aka kawo mana aji guda na 'yan firamare. Abin da suka yi wa fedar nan, da yadda Baba ya zo da kansa cikin babbar riga ba tare da an gayyace shi ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.