Digirin fisiyo a Amurka: lissafin da ake yi kafin a cika fom

A Amurka ba a zama likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki da gashin ƙashi, da digirin farko. Sai an gama shekara huɗu a jami'a, sannan a nemi gurbin digirin da suke kira DPT, wanda yawanci shekara uku ne, har da zangon bazara. Tun 2016 hukumar CAPTE, mai tantance waɗannan makarantu, ba ta amincewa da wani shirin horar da sababbin shiga sai mai ba da wannan digiri. Shekara bakwai ke nan kafin albashin farko. Aikin yana da kyau, kuma mai lasisi ba ya daɗewa a zaune. Matsalar ita ce kuɗin karatun ya yi wa albashin nisa, kuma a nan ya kamata shawara ta fara.

Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na 2024 sun sa matsakaicin albashin likitan fisiyo a wajen dala 101,000 a shekara, kafin a cire haraji da inshorar lafiya. Sabon shiga yana farawa ƙasa da haka, musamman a ƙananan asibitocin da majinyaci ke zuwa ya koma gida. Albashin kuma ba ya tashi sosai da shekaru, kuma akwai dalili. Kamfanonin inshora suna biyan yawancin aikin fisiyo ne a kan kowane minti 15, kuma farashin minti 15 na wanda ya shekara ashirin a aiki daidai yake da na wanda ya fito jiya. Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, ta yi ta rage ma'aunin biyanta kowace shekara daga 2021 zuwa 2025. Mai asibitin da ba zai iya ƙara farashi ba sai ya ƙara yawan mutanen da kowane ma'aikaci zai gani. Shi ya sa a wasu wurare za ka tarar da likita ɗaya yana juya majinyata biyu ko uku a sa'a guda, ya koma gida da rubutun bayanan da bai ƙarasa ba.

A ɓangaren kuɗin karatu kuwa, jami'ar gwamnati ga mazaunin jihar tana iya zama rabin kuɗin mai zaman kanta, ko ƙasa da rabi. Masu zaman kansu da yawa sun haura dala 100,000 a kuɗin makaranta kaɗai, wasu sun wuce 150,000, ban da haya da abinci. Rahoton da ƙungiyar likitocin fisiyo ta Amurka, APTA, ta fitar a 2020 ya nuna matsakaicin bashin da masu fitowa ke ɗauke da shi ya haura dala 100,000. Kuɗin ruwan bashin gwamnati ga ɗaliban gaba da digiri yana wajen kashi 8 cikin ɗari a 'yan shekarun nan, kuma yana fara taruwa ne daga ranar da aka ba da kuɗin, ba ranar da aka gama karatu ba. Bashin dala 100,000 a kan kashi 8, in za a biya cikin shekara goma, ya kama dala 1,200 da 'yan kai duk wata, jimilla kusan 145,000. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Wanda kuma bai yarda ya ci bashi mai ruwa ba, ya san cewa tallafin karatu a wannan mataki ƙalilan ne, ba kamar digirin bincike ba inda jami'a ke biyan ɗalibi. Gara ya zauna da iyayensa da malaminsa tun kafin takardar ɗauka ta zo, don idan ta zo, farin ciki kan rufe ido.

Ga wani sabon abu. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta rufe bashin gwamnati na Grad PLUS ga sababbin masu nema daga 1 ga Yulin 2026, bashin da a da shi ke cike duk giɓin kuɗin da ya rage wa ɗalibi. An sa iyaka: dala 20,500 a shekara ga ɗaliban gaba da digiri, 50,000 ga wasu zaɓaɓɓun fannoni irin likitanci da lauya. Ka tambayi ofishin tallafin kowace makaranta a wane rukuni ɗalibanta suke, kuma su ba ka amsa a rubuce, domin abin da ya rage sai bashin banki, wanda ba shi da sassaucin na gwamnati kuma ba ya shiga shirin yafe bashi bayan biyan wata 120 ga masu aiki a gwamnati ko asibitocin da ba na riba ba.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Lasisin ɗaya ne ko daga ina ka fito, kuma mai ɗaukar aiki ba kasafai yake ƙara kwabo saboda sunan jami'a ba. Idan jimillar bashin da za ka fita da shi, har da na digirin farko, ya fi albashin shekarar farko nesa ba kusa ba, ka nemi makaranta mai rahusa, ko ka jira shekara guda ka tara kuɗi. A jihohi da yawa zaman shekara ɗaya kana aiki, ba karatu ba, shi ke ba ka matsayin mazaunin jiha. Kuma kada ka sa aikin gefe a lissafin: CAPTE ta wajabta aƙalla mako 30 na horo a asibiti, cikakken yini, ba biya, kana kuma biyan kuɗin makaranta. Ana iya tura ka wani gari, ka wayi gari da haya biyu.

Bayan kuɗi, sai aikin kansa. Makarantu da yawa suna neman awannin da ka yi kana kallon likitan fisiyo yana aiki, daga 'yan kaɗan zuwa ɗari ko fiye, kuma mai lasisi ne zai tabbatar da su. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara su duka a wurin 'yan wasanni, inda matasa masu ƙarfi ke murmurewa daga aikin gwiwa. Wannan ɗan yanki ne na sana'ar. Je ka asibitin kwanciya ka ga yadda ake tayar da mutumin da aka yi wa tiyata jiya, da robar fitsari da ƙarin ruwa a jikinsa. Je ka gidan jinyar tsofaffi ka ga mai shanyewar ɓarin jiki yana mako uku yana koyon tashi daga gado zuwa kujera, wani lokaci ya ɓata jikinsa a hannunka. Ka lura da sau nawa likitan ya durƙusa, sau nawa ya ɗauki nauyin mutum, da minti nawa ya yi a gaban kwamfuta. Ka tambaye shi mutum nawa yake gani a yini, da ko yana rubutu a gida. Idan ka fito daga waɗannan wurare ranka bai ƙi ba, to ka samu amsar da ta fi kowace takardar shaida.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa 'yan'uwanmu ba sai sun shiga. A makarantu da yawa zangon farko ana feɗe gawa ne don koyon ƙirar jiki. A darussan gwaji kuma ɗalibai a jikin juna suke koyo, maza da mata, da gajeren wando da ƙaramar riga, ana laluben ƙashi da tsoka da hannu. Mai hijabi, ko namijin da ke kiyaye wannan, ya yi magana da shugaban shirin tun lokacin ganawa: za a haɗa shi da abokin gwaji jinsinsa, akwai labule, wane tufafi aka yarda da shi. Wasu makarantu sun saba da wannan buƙata. Amma a asibiti majinyata maza da mata duk za ka taɓa, wannan ba makawa.

Neman gurbin kansa ba shi da sarƙaƙiya, sai dai tarkuna. Yawancin makarantu ta PTCAS ake nema, fom ɗaya da ake buɗewa a watan Yuni, ana biyan kuɗi a kan makarantar farko da ƙari a kan kowace ta gaba. Da yawa suna ɗauka ne yayin da takardu ke shigowa, saboda haka wanda ya jira ranar rufewa yana takara ne a kan ragowar kujeru. Ba a damu da fannin digirinka na farko ba, amma ana son darussan share fage: ƙirar jiki da aikin sassan jiki, bayoloji, kemistiri da fiziks zango bibbiyu tare da ɗakin gwaji, ilimin halayyar ɗan Adam, da ƙididdiga. Wasu makarantu ba sa karɓar darasin da ya tsufa, shekara biyar zuwa goma gwargwadon makaranta. Mafi ƙarancin maki yawanci 3.0 ne cikin 4.0, amma waɗanda ake ɗauka sun fi zama a wajen 3.5. Idan ka maimaita darasi, PTCAS na lissafa tsohon sakamako da sabo duka, ko da jami'arka ta shafe na farkon. Jarrabawar GRE ta shiga karatun gaba da digiri, makarantu da yawa sun daina nema. Ka duba kafin ka biya.

Kowace makaranta dole ta wallafa kashi nawa na ɗalibanta ke gamawa, da kashi nawa ke cin jarrabawar lasisi ta NPTE. Ka nemi adadin masu ci a zaman farko, ba jimillar ƙarshe kaɗai ba. Jarrabawar tambaya 225 ce cikin sa'a biyar, ana ci da maki 600 cikin 800, sau huɗu ake yin ta a shekara, kuma sau shida kawai aka yarda mutum ya zauna a rayuwarsa. Faɗuwa ɗaya na nufin wata uku ba lasisi, bashi kuma na tafiya. Sabuwar makarantar da ba ta samu cikakkiyar amincewar CAPTE ba caca ce da ban ga dalilin shiga ba.

Wanda lissafin bai fita masa ba yana iya duba aikin mataimakin fisiyo: shekara biyu, sau da yawa a kwalejin al'umma mai rahusa, matsakaicin albashi wajen dala 65,000. Shi ma hannunsa na kan majinyaci, sai dai ba shi ke yin gwajin farko ko tsara magani ba. Kada dai a ɗauke shi a matsayin matakala, don darussansa ba sa rage shekarun DPT sai a shirye-shirye ƙalilan irin na Jami'ar Findlay a Ohio.

Wanda ya riga ya karanta fisiyo a Bayero ko Maiduguri, ya yi horon shekara ɗaya, ya samu lasisin MRTB, hukumar ba da lasisin fisiyo ta Najeriya, hanyarsa daban ce, kuma bai kamata ya fara DPT daga tushe ba. Takardunsa zai aika wa hukumar tantancewa irin FCCPT ta auna darussansa da ma'aunin Amurka, ya cike giɓin da aka samu, ya ci jarrabawar Turanci ta TOEFL, jiha ta ba shi izinin zama NPTE. Akwai gajeren digirin DPT na cike gurbi da ake yi ta intanet, yana taimakawa wajen toshe wasu giɓin, amma shi kaɗai ba ya ba da lasisi, kuma kowace jiha da sharuɗɗanta, don haka jihar ake fara zaɓa kafin a biya kuɗin tantancewa. Mai son zuwa daga gida a matsayin ɗalibi kuwa ba shi da hakkin bashin gwamnatin Amurka, dole ya nuna kuɗin shekarar farko a banki kafin makaranta ta ba shi takardar I-20 da ake neman bizar ɗalibi da ita, kuma tun 2025 an tsananta biza ga 'yan Najeriya, Nijar, Chadi da Sudan. Ya fara duba halin da bizar ƙasarsa take ciki a shafin ofishin jakadanci kafin ya kashe dala ɗaya a kan fom.