Wasiƙa daga Coventry: wa ke sa hannu kafin makami ya fita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaishe ku daga Coventry, garin masana'antu a tsakiyar Ingila, inda nake tuƙin bas shekara tara ke nan.

Ƙanena na Zariya ne ya tsokano wannan wasiƙa. Ya turo mini saƙon murya yana cewa, "Yaya, ku can ai majalisa ce ke riƙe da wuyan gwamnati, ko harsashi ɗaya ba a sayar wa wata ƙasa sai ta yarda." Na saurara a lokacin hutu, ina shan shayi a tasha, na yi murmushi. Ba haka abin yake ba, ƙanena.

A Birtaniya ministan kasuwanci ne ke da ikon ba da lasisin fitar da makamai, bayan ya ji ta bakin ma'aikatar harkokin waje da ta tsaro. 'Yan majalisa ba sa kaɗa ƙuri'a a kan lasisi. Nasu tambaya ce, kuma galibi sai kaya sun riga sun bar tashar jirgi.

Ita ma tambayar ba a banza aka same ta ba, kuma wani ɓangare na tarihinta a garin nan ya faro. Akwai kamfani a Coventry mai suna Matrix Churchill, wanda ya sayar wa Iraƙi injinan sarrafa ƙarfe a zamanin Saddam Hussein. Aka gurfanar da daraktocinsa uku bisa zargin karya dokar fitar da kaya, don injinan na iya ƙera makamai. A 1992 shari'ar ta wargaje, bayan tsohon minista Alan Clark ya amsa a gaban kotu cewa gwamnati ta san inda kayan suka dosa. Ashe da sanin mai gida aka yi ɓarnar, amma ana shirin ɗaure bara. Wani dattijon Bature da muke aiki tare, wanda ya yi ƙuruciyarsa a masana'antar ƙarfe, har yau in zancen ya taso sai ya ajiye kofinsa ya girgiza kai. Alƙali Richard Scott ya yi bincike, rahotonsa ya fito a Fabrairun 1996. Ministoci sun samu kwanaki suna nazarinsa, Robin Cook na jam'iyyar adawa kuwa 'yan sa'o'i aka ba shi a ɗaki a rufe. Duk da haka da aka zo ƙuri'a, gwamnatin John Major da ƙyar ta sha: 320 da 319.

Bayan wannan abin kunya ne aka fara wallafa rahoton lasisin makamai kowace shekara, aka haɗa kwamitocin majalisa huɗu su riƙa bin diddigi daga 1999, aka kuma yi sabuwar doka a 2002. To amma wannan haɗakar kwamitoci ta yi ta tangal-tangal, wani lokaci a daɗe ba ta zauna ba, har aka rushe ta a farkon 2024 aka miƙa aikin ga kwamitin kasuwanci.

Ku duba batun Yemen, inda Saudiyya ta riƙa kai hare-hare. Ba majalisa ce ta taka wa cinikin makamai da Saudiyya birki ba. Kotun ɗaukaka ƙara ce, a Yunin 2019, bayan masu fafutuka sun kai ƙara. Shekara guda kacal, gwamnati ta ce ta sake dubawa, ciniki ya ci gaba. A kan Gaza kuma, ranar 2 ga Satumba 2024 ministan harkokin waje David Lammy ya tsaya a majalisa ya ce an dakatar da lasisi kusan 30 cikin kimanin 350 na Isra'ila, amma ban da kayan gyaran jirgin yaƙi F-35 da ake zubawa a rumbun haɗin gwiwa na ƙasashen da ke amfani da jirgin, har da Isra'ila. Aka sake garzayawa kotu. A Yunin 2025 alƙalai suka ce wannan hurumin gwamnati ne, majalisa ce za ta tuhume ta. Kun ga an dawo da ƙwarya inda aka ɗauko ta.

Ba na cewa majalisar nan hoto ce. A Agustan 2013 ta hana firaministan lokacin, David Cameron, kai hari Siriya, 285 da 272. Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai na gida ne. Da sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum na Nijar a Yulin 2023, ECOWAS ta yi barazanar yaƙi, Shugaba Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawa. Sanatoci suka ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, suka ce a bi hanyar sulhu. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkinmu ya ba su bakin magana kafin a tura soja yaƙi a waje. Duk mai dangi a Maraɗi ko Ƙonni ya san abin da wannan rana ta tare mana.

Ni dai na rubuta wa ɗan majalisar mazaɓata a kan kayan F-35. Amsa ta zo bayan mako uku, shafi biyu, ladabi kamar me, amma ko kusa da tambayata ba ta je ba. Yana ganawa da jama'a ranar Juma'a a wani ɗakin karatu. Na roƙi abokin aiki ya karɓe ni da safe, na ninke takardar na sa a aljihun rigar aiki.

Ku gaida mutan gida, babba da yaro.