Ɗigo 12 a kan ganyen kosa

Mun dawo daga Shafa, can a tsaunukan Ɗa'if, tun kafin magariba, yara sun yi barci da ƙurar gona a ƙafafunsu, ni kuwa har yanzu ina zaune a falo da ɗan littafin nan nawa mai koren bango, na buɗe shafin yau na kasa rufewa. Iri 4 na Ummu Ali, ɗan ƙwaron nan ja mai baƙin ɗigo a baya, na rubuta a ciki, abin da ya kamata ya faranta ran mutumin da ya yi wata biyu bai ƙara ko ɗaya ba, amma ta huɗun ce ta hana ni sakat.

Ana idar da sallar asuba muka bar Makka, muka hau ta hanyar tsaunin Hada saboda Auta ta dage sai ta gaisa da biran bakin hanya, waɗanda sanyi ya hana yawancinsu fitowa. Ko da muka wuce Ɗa'if muka isa gonar da Kawu yake kula da ita, masu tsinkar wardi sun kusa gama aikin ranar, domin furen nan ba ya jiran rana ta ɗaga, da ta yi zafi ƙamshinsa ya fara gudu. Muka sha shayi da burodin tamis a tsaye, Maman yara ta bi matan wajen kwanduna, ni da Auta muka shiga tsakanin layukan wardi da madubin ƙara girma.

Na sha faɗa a nan cewa mai neman Ummu Ali ba ita yake fara nema ba, abincinta yake nema. Sai ka duba kan furen da bai buɗe ba da sabon toho, inda ƙwarƙwatar ganye, wadda mutanen nan suke kira man, take taruwa ta yi cincirindo tana tsotse ruwan tsiron, ganyen ya riƙa danƙo kamar an shafa masa zuma. In ka ga tururuwa tana hawa tana sauka a reshe, to ka zo wurin, domin zaƙin nan take bi, har gadin ƙwarƙwatar take yi. A bishiya ta uku muka sami ta farko, babba, ja wur, bayanta yana sheƙi kamar an goge shi da mai. Na sa Auta ta ƙirga: uku a dama, uku a hagu, sai guda ɗaya a tsakiya dab da ƙeya wanda fikafikan biyu suka raba, ga kuma farin tabo biyu a gefen baƙar ƙeyar. Mai ɗigo 7 ce, Coccinella septempunctata. Auta ta ce ashe sa'arta ce, ita ma shekararta bakwai, na yi mata bayani cewa ɗigon ba shekaru ba ne, da shi take rayuwa har ta mutu, kuma yawancinsu ba sa wuce shekara guda a duniya. Ba ta ji daɗin wannan bayani ba. Da ta ɗora ta a tafin hannu, sai ƙwaron ya saki ɗan ruwa rawaya mai ɗoyi daga gaɓoɓin ƙafafunsa, wanda da shi yake korar tsuntsaye, ta yi ta goge hannu a rigata.

Ta biyu da ta uku a cikin ciyawar bakin magudanar ruwa muka same su. Ɗaya mai ɗigo 11 ce, ƙarama, ba ta wuce milimita 5 ba. Ɗayar kuwa Hippodamia variegata ce, mai ɗan tsawon jiki, wadda ɗigoginta suka fi taruwa ta wajen baya kuma yawansu yake bambanta daga wannan zuwa waccan, shi ya sa ban dogara da ƙirga ba, farin layin da ya zagaye ƙeyarta na duba. Har tsutsarsu muka gani, baƙa-baƙa mai tabon ruwan lemo, siffarta kamar ɗan mitsitsin kada, tana tsakiyar ƙwarƙwata tana ci ba ƙaƙƙautawa.

Da iri uku a littafi kafin ƙarfe tara na safe, sai na ji kaina ya yi girma, kuma a wannan hali na gangara ƙasan gonar inda Kawu ya shuka kokwamba da kosa, wato wata ƙaramar kabewa mai siffar kokwamba.

Na same shi a tsugune, yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya, ga ma'aikata biyu a bayansa da Yaya Babba yana riƙe masa gwangwani. Ina isa na ga ya ɗauko wani ƙwaro ja mai baƙin ɗigo, ya murje shi tsakanin yatsu, ya jefa a gwangwanin, ya miƙa hannu ga na gaba. Ban ko gama gaisuwa ba na ce, “Haba Kawu, ku daina kashe su, ai waɗannan su ne masu gadin gonar.” Bai ɗago kai ba ya ce, “Ɗan nan, wannan ba ta cikin masu gadi.” Da na yi shiru a nan da an wuce wurin, amma sai na ɗaura ɗamarar wa'azi. Na gaya masa cewa babbar Ummu Ali guda tana iya cinye ƙwarƙwata kusan 50 a yini, na gaya masa yadda a shekarar 1888 aka ɗauko wani irinta daga Ostareliya aka kai Kalifoniya ta Amurka ya ceci gonakin lemo daga ƙwaron da ya kusa ƙarar da su, har na ƙara da cewa irin wannan kisa ne yake sa manomi ya koma sayen maganin feshi da kuɗinsa. Duk wannan a tsaye na faɗe shi, shi yana tsugune, ma'aikatansa suna ji, ɗaya daga cikinsu ma yana murmushi yana kallon ƙasa.

Kawu ya bari na kai aya. Sannan ya tsinko ganye guda, ya miƙo mini da ƙwaron a kai, ya ce, “To Malam, tunda kai ne mai madubi, ƙirga mata.” Tun ina yaro Kawu bai taɓa kirana Malam ba.

Na ƙirga na sami 12, shida a kowane gefe, babu na tsakiya. Na sake ƙirgawa don kada in yarda. Da na kafa madubin sosai, sai sauran abubuwan suka fito ɗaya bayan ɗaya: launinta ba ja wur ba ne, ya fi kama da jan ƙasa, bayanta ba ya sheƙi saboda wani lallausan gashi da ya rufe shi kamar ƙura, ƙeyarta kuma ba baƙa mai farin tabo ba ce, launinta ɗaya da sauran jikin. Sai kuma ganyen kansa, wanda tun farko shi ya kamata in fara dubawa. Babu ƙwarƙwata ko ɗaya a kansa, an kankare korensa tas an bar jijiyoyi kawai, ina hango tafin hannuna ta cikinsa kamar ta rariya. Kawu ya juya wani ganyen ya nuna mini ƙwai rawaya a jere, da tsutsa rawaya mai ƙaya-ƙaya a gadon baya, wadda ba ta yi kama da ɗan kadan nan na bakin magudana ba ko kaɗan. Ya ce, “Kama da wane ba ta wane ba ce. Shekarar da na ƙyale su, ko kwando goma ban cika ba.” Ya koma kan aikinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san da ita. Na karanta cewa a cikin iri sama da 6,000 na wannan dangi akwai reshe guda da ya bar farauta ya koma cin ganye, na kuma san sunan wannan ɗin, Henosepilachna elaterii, mai addabar kankana da kabewa da kokwamba daga ƙasashen Bahar Rum har Afirka da nan yankin Larabawa. Hotonta yana cikin wayata. Amma ban taɓa ganinta da rai ba, kuma da na hango ja da baƙi daga nesa, sai bakina ya riga idona. Ni da nake cika wa mutane kunne cewa a duba ƙeya, a duba sheƙi, a duba abin da ƙwaron yake tsaye a kai kafin a raɗa masa suna, ban duba ko ɗaya ba. Kawu bai san sunanta na boko ba, duk Ummu Ali yake ce musu, amma na lura daga baya cewa da hannunsa ya ci karo da mai ɗigo 7 a kan wani ganyen kokwamba, sai ya ɗauke ta a hankali ya ɗora a reshen da yake gefe, ba tare da ya ƙirga komai ba.

Ban ba shi haƙuri ba. Na ce, “Lallai kuwa,” na durƙusa na taya su tsinta na kusan rabin awa, ina fatan aikin zai tsaya a madadin maganar da na kasa furtawa. Yaya Babba bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Abincin rana shinkafa ce da kaza a ƙarƙashin bishiyar ar'ar, hazo ya taso daga kwari ya rufe mu na ɗan lokaci, yara suka yi ta ihu suna neman juna a cikinsa.

Da za mu tafi Kawu ya cika mana leda da wardi, ya ƙara da kosa, ya shafa kan Auta, ya ce mini in gaida Hajiya in kuma tuna mata da maganin ƙafarta. Bai sake tayar da zancen ba, bai kuma sake cewa Malam ba, sai dai ban ji ya ce ɗan nan ba. Na yi ta juya wannan a raina tun daga gangaren Hada har muka shigo gari. Maman yara, wadda ban san labarin ya kai mata ba, ta bari sai da muka tsaya a danja sannan ta ce, “Ka kira shi gobe da safe, kada ka tura saƙo.” Na ce mata ai Kawu ba mai riƙo ba ne, ta ce ba don shi ta faɗa ba.

Guda ɗaya na roƙa daga gwangwanin kafin a murje ta, na sako ta a kwalbar magani da guntun ganyen kosa, na huda murfin da allura. Tana nan kan tebur kusa da littafin. A shafin yau, ƙarƙashin sunanta, akwai gurbin da nake rubuta wanda ya fara gani, kuma a duk shafukan baya sunana ne ko na Auta. Na rubuta Kawu. Ganyen da na saka mata ɗazu da la'asar ya riga ya zama raga.