Ashe da ido ɗaya nake ɗinki

Sai da na kai shekara 34 na gane cewa idona na dama ne kaɗai yake mini aiki. Ranar da hunturu ne, ina kan keken ɗinki ƙura ta faɗa mini a idon, na dafe shi da tafin hannu. Ina ɗaga kai sai kalandar da ke bangon shago ta koma hazo, ko manyan lambobin ban iya karantawa ba. Gabana ya faɗi.

A asibitin ido aka zaunar da ni gaban allon haruffa, ana sa gilasai ana cirewa. Dama ya ba da -1.00, hagu -5.00. Likita ta ce tazarar dayofta huɗu ke nan (dayofta ma'aunin ƙarfin gilashin ido ne), alhali tun daga ɗaya ake fara ɗaukarta matsala.

Na karɓi tabarau da murnata, amma wallahi ranar farko da ƙyar na sauka daga matakala. Ƙasa ta karkace, jiri ya ɗebe ni, goshina kamar zai tsage. Na koma na ce mata an yi kuskuren yanka gilashin.

"Malam, gilashinka lafiya lau yake," in ji ta. Ta ɗora shi a kan takarda ta ce in duba. Rubutun da ke ƙarƙashin ɓangaren hagu ya fi ƙanƙanta, ƙiri-ƙiri. Gilashi mai alamar ragi yana ƙanƙantar da abu, kuma gwargwadon ƙarfinsa gwargwadon ƙanƙantarwar. Wato hoto biyu nake aika wa ƙwaƙwalwa, babba da ƙarami, ita kuma dole ta haɗa su su zama ɗaya. Ɗan bambanci tana jurewa, amma in ya haura kamar kashi 5 cikin ɗari sai ta gaza.

Yanzu ɗan siririn gilashin nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido nake sawa. Da yake manne yake da idon, girman hoton bai cika sauyawa ba. Yana son tsafta sosai, kuma ba ya shiri da ƙura.

Abin da ke ci mini rai shi ne hagun har yau bai kai layin ƙarshe na allon ba. Ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi tun ina yaro, gyaran kuwa ya fi kamawa kafin shekara bakwai zuwa takwas. Autata shekararta biyar. Daren jiya na rufe mata ido ɗaya na nuna yatsu daga bakin ƙofa, ta ƙirga daidai. Da na rufe ɗayan sai ta ture hannuna. Ranar Litinin za mu asibiti.