Taj, otal ɗin da aka buɗe a shekarar da Turawa suka ci Sakkwato

Jinyar Kawu ce ta kai mu Indiya. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III muka tashi zuwa Abuja, muka yada zango a Addis Ababa, sai Mumbai. Da likita ya yarda ya riƙa taka ƙasa, ya ce in kai shi ya ga teku. Mai tasi ya sauke mu a Apollo Bunder, cikin tantabaru da masu ɗaukar hoto, ga jiragen ruwan tsibirin Elephanta suna lodi. Kawu kuwa ya ba tekun baya, ya tsura wa wata jar ƙubba ido.

"Wanga masallaci na?"

"A'a Kawu, otal ne."

Taj Mahal Palace ke nan. Attajiri Jamsetji Tata ya gina shi, aka buɗe a Disambar 1903. Da na faɗi shekarar, Kawu ya ce, "Ashe tsaran yaƙin Giginya na." Haka ne, a Maris ɗin shekarar Turawa suka ci Sakkwato. Ƙofar Indiya, katafariyar ƙofar dutsen da ke gaban otal ɗin, wadda kowa ke rububin hoto da ita, sai 1924 aka gama ta. A yaƙin duniya na farko ma asibiti aka mayar da otal ɗin.

Bayan bincike a ƙofa muka hau babban matakalin da ke zagaye ƙarƙashin ƙubbar, Kawu yana hutawa yana shafa ƙarfen dogarawa. A ɗakin shayi mai kallon teku muka zauna. Kuɗin butar shayi ɗaya zai yi wa gida cefane a kasuwar Shehu Shagari, amma mun sha.

A Nuwambar 2008 'yan bindiga suka shiga nan, aka kwana uku ana ɗauki-ba-daɗi, wuta ta ci saman tsohon ginin. Sunayen waɗanda aka kashe suna rubuce a jikin bango a ƙasa. Masu otal ɗin ba su rushe shi sun kafa na gilashi ba. Sun bi katako da zane ɗaya bayan ɗaya, suka sake buɗe ɓangaren a 15 ga Agustan 2010. Ni dai a ganina abin da ya tsare ginin shi ne kullum a cikin aiki yake, yana kawo kuɗin gyaran kansa, ga iskar gishiri da daminar Mumbai ba sa ɗaga wa bango ƙafa.

Da muka dawo, abokan Kawu suka zo gaisuwa, wayata tana yawo hannu zuwa hannu. Hira ta gangaro kan ganuwar Sakkwato, wadda sunayen ƙofofinta kamar Ƙofar Rini da Ƙofar Marke suka fi ita kanta saura. Wani dattijo ya ce nasu dutse ne, namu ƙasa, kuma ginin ƙasa sai da yaɓe duk bayan damina.

Kawu ya ce, "To Alhaji, mi ah hana a yi yaɓen?"