Jif ɗin da Kawu ya kusa saya

Satin da ya wuce Kawu ya buga min waya tun ana sallar asuba wai in shirya in raka shi ganin mota. Kawun nan nawa dillalin shanu ne, ya daɗe yana harkarsa tsakanin Agege da Kara, kuma tunda na yi wayo a wata tsohuwar Camry na san shi, to bana Allah ya buɗa masa ya ce shi ma jif zai hau, ƙatuwa, irin wadda in ta shigo layi 'yan okada za su kauce da kansu. Hujjarsa ɗaya ce, wai babbar mota ita ce kariya, danfo ta goge ka ba abin da za ka ji, ruwa ya cika titi ka ratsa abinka. Na ce to Kawu ba musu, amma sai da bakanike za mu je.

Muka je wani filin sayar da tokumbo, wato motocin hannu da ake shigowa da su daga waje, ta wajen hanyar Apapa. Wallahi motar ta yi kyau, baƙar Prado sai sheƙi take, kujeru na fata, mai motar yana ta rantsuwa wai ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Kawu har ya fara shafa sitiyari yana murmushi. Shi kuwa bakanike bai ko buɗe bonet ba, zama ya yi ya kunna ta ba tare da ya tada inji ba ya zuba wa dashbod ido. Ya kashe ya sake kunnawa. Sai ya ce Alhaji zo ka gani.

Ashe in ka kunna mota dole duk fitilun dashbod su kawo na ɗan lokaci sannan su ɗauke, motar ce take duba kanta. Na ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa in ka taka birki, ya kawo, na inji ya kawo, amma na eyabag, wato balan-balan ɗin da ke kumbura ya tare mutum in an yi hatsari, wannan ɗan mutumin da ke zaune da ƙwallo a gabansa, ko alamarsa babu. Ya jona na'urar sikana sai ga matsaloli jere. Ya ja bel ɗin direba ya sake shi, ya ƙi komawa da kyau. Ya ɗaga kai ya nuna mana rufin ciki ta gefen ƙofa inda aka sake mannawa da gam. Wato motar ta taɓa cin hatsari mai ƙarfi, balan-balan ɗin sitiyari da na gefen taga duk sun fashe, kuma maimakon a sayi sababbi sai aka rufe wajen aka toshe fitilar da za ta tona asiri. Da muka sa lambar shasi ɗin, wadda take da haruffa da lambobi 17, a intanet, sai ga hotunanta a filin gwanjo a ƙasar waje gabanta a ragargaje. Mai motar da ke ta surutu sai ya tuna wai yana da kira.

Abin da ya dame ni kenan har na zauna rubuta wannan. Mu nan Legas muna sayen jif ne da ido, girma da baƙin gilashi da lambar kamfani, alhali abin da zai ceci ranka ba a ganinsa, yana cikin sitiyari da rufi da kwamfutar mota, kuma a tokumbo zai iya yiwuwa an riga an cinye shi tun kafin motar ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can.

Kuma maganar Kawu ta cewa girma kariya ne, rabin gaskiya ce. Eh in ƙaramar mota ta yi karo da babba, ƙaramar ce ke shan wuya. Amma jif doguwa ce, nauyinta yana sama, to in kana kan gadar Third Mainland da daddare hanya ta buɗe ka taka totur, wani ya shigo maka ba sigina ka fizgi sitiyari, inda Camry za ta ɗan yi layi ta dawo ita jif tana iya wuntsilawa. Abin da ke hana wannan shi ne na'urar da Toyota ke kira VSC, wasu kamfanoni ESP ko ESC, ita ce ke lura in motar ta fara zamewa ta kama birkin taya ɗaya ita kaɗai ta rage wa inji ƙarfi kafin kai direba ka ma gane me ke faruwa. Mercedes da Bosch suka fara fito da ita a 1995, Amurka kuma ta tilasta ta a kan sababbin motoci daga ƙirar 2012. Don ku san ba wasa ba ne, a 2010 sai da aka dakatar da sayar da Lexus GX 460 na ɗan lokaci saboda a gwaji bayanta na zamewa a kwana kafin na'urar ta kama, har sai da aka gyara manhajarta. Amma ku leƙa dashbod ɗin jif nawa a garin nan, fitilar VSC a kunne shekara guda, mai motar ya ce ai ba komai sensa ce kawai, wani ma baƙin salatif zai manna a kai don kar ta dame shi.

Sai taya. Kai, maganar taya na ci min rai. Mutum ya zuba miliyoyi a mota sannan ya je ya ɗauko tayar gwanjo da ta gama rayuwarta a ƙasar sanyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da aka rubuta DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2318 to satin 23 na 2018 aka yi ta, ko zanenta bai cinye ba robar ta tsufa. A shekarar 2000 tayoyin Firestone miliyan 6.5 aka janye a Amurka bayan sun yi ta ɓarewa a jikin Ford Explorer motocin suna kifewa, daga nan ne ma aka kawo dokar sa na'urar da ke nuna maka iskar taya ta ragu. Mu kuma mai faci zai cire sensar ya jefar ya buga iska da ƙiyasi, ka ɗauki iyali ka hau hanyar Ibadan za ka Kano.

Ruwa ba zan daɗe a kai ba. Land Cruiser kamfani ya ce tana ratsa zurfin santimita 70, a hankali, ba wai ka shiga ambaliyar Lekki da gudu kana watsa wa mutane ba, ruwa na shiga ta inda inji ke shaƙar iska shikenan ya buga.

Ta ɓangaren ɓarayi kuma, jif ita suka fi so. Makullan yanzu suna da ɗan cif a ciki wanda in babu shi inji ba zai tashi ba, amma irin na dannawa ɗin nan ɓarayi sun gano yadda ake jawo siginarsa daga cikin gida a buɗe mota a waje, shi ya sa wasu ke jefa makullin cikin gwangwani mai murfi da dare. Har Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 an sa wa wasu na'urar karanta yatsa a maɓallin tadawa. Ni dai shawarata a sa tiraka, na'urar bin sawun mota, kuma ba a wajen da kowane ɗan riwaya ya sani ba, da wannan tsohon ƙarfen kulle sitiyari da ake raina wa. A gosulo kuwa, Oshodi ko Mile 2 da magariba, ba abin da ya kai ka kulle ƙofa ka ɗaga gilashi ka ɓoye waya. Kawu ya yi tambaya a kan mota mai sulke, bakanike ya yi dariya ya ce Alhaji wannan sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga nauyin ƙarfe da gilashi da ke cin birki da taya, Kawu ya ce a bar wa gwamnoni.

Wanda na matsa masa a kai shi ne kamarar baya, don gidansa cike yake da jikoki, kuma daga kujerar direban jif yaro ɗan shekara biyu in ya tsaya bayan mota ba ka ganinsa sam, madubi ba zai nuna maka shi ba. A Amurka tun 2018 doka ce sabuwar mota ta zo da ita, mu ko ba ta zo da ita ba ana sawa da kuɗi kaɗan.

Ƙarshe dai wata muka saya, fara, ta girmi waccan da shekara biyu kuma ba ta kai ta kyau ba, amma fitilunta duk sun kawo sun ɗauke yadda ya kamata. Muka kama hanyar gida ni ke tuƙi, motar sai ƙara take tin tin tin, na duba na ga Kawu bai sa bel ba. Na ce Kawu duk balan-balan ɗin nan da muka sha wahala a kansa ƙari ne a kan bel, in babu bel shi kansa zai iya ji maka ciwo. Ya ce yaro, babbar rigar nan dubu nawa ka san na biya mai guga? Ya zagaya da bel ɗin ta bayansa ya maƙala, ƙarar ta yi shiru. Sai da muka hango 'yan rod sefti wajen Ikeja ya zaro shi da sauri ya ɗaura, yana cewa in rage gudu.